Ɗaki ɗaya da zai tsaya: jawabi ga ƴan uwa Maraɗawa mazauna Turai

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Malam liman, shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku, ina yi muku sannu da sanyi. Waɗanda suka taso tun daga Faransa da Jamus suka iske mu nan Beljiyam, sannunku da hanya, Allah ya ba da ladan zumunci.

Mafi yawanku kun san sana'ata. Tun ina yaro nake ɗaukar kwaɓaɓɓiyar ƙasa a ka ina miƙa wa magina a Maraɗi, nan ma da na zo ginin ne ke ciyar da ni. Shi ya sa na roƙi shugaba ya ba ni dama in yi magana a kan gidajen da muke aika kuɗi ana gina mana a gida.

Babu wanda ke cikin wannan zaure da ya manta Juma'ar 30 ga watan Agusta na 2024. Kowa waya na hannunsa, ana ta kiran gida, layi ba ya shiga. Ruwan da ya sauka a birnin Maraɗi ranar ya kai wajen milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, a garin da ruwan shekara gaba ɗaya bai cika wuce milimita 500 da wani abu ba. Mutum 15 aka fara ƙirgawa sun rasu. Kafin damina ta ƙare, waɗanda suka rasu a faɗin Nijar sun kusa 400, tsohon masallacin Damagaram ya rushe, har komawa makaranta sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba saboda mutane na kwana cikin azuzuwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu haƙurin rashinsu.

Da yawa daga cikin waɗanda muka rasa suna cikin ɗakunansu ne gini ya danne su. Wannan shi ya hana ni barci, don ni na san yadda bango yake faɗuwa.

Bayan damina na je gida, na shiga wurin gwaggona a Bagalam. Allah ya tsare, ɗakinta bai faɗi da ita ba, amma da na durƙusa a gindin bangon na tura yatsa, sai ya shige kamar cikin tuwo. Daga sama bangon lafiya lau, har da sabon shafe. Ƙasa kuwa ruwa ya cinye shi kusan rabi. Na fito waje na duba, sai na ga titi ya fi tsakar gidan tudu, saboda shekara da shekaru yashi da shara suna taruwa a hanya, gidan yana nan inda kakanmu ya bar shi. Duk ruwan layin ta zaure yake shigowa ya kwanta a gindin ɗakin tsohuwa. Shekarar da ta gabaci wannan, ni da hannuna na aika kuɗi aka sa wa gidan ƙofar ƙarfe mai ado, aka yi wa katangar waje fenti. Kuɗin da sun isa a ɗaga mata ɗaki ɗaya. Na daɗe a durƙushe wurin ban iya ɗaga ido na dube ta ba.

To abin da nake kira gare shi ke nan. Ba kowa ke da halin rushe gida ya sake shi da siminti ba, kuma ginin ƙasa ba abin rainawa ba ne, ya fi sanyi a bazara, shi ya raine mu. Amma kowane gida ya samu ɗaki ɗaya wanda in hadari ya haɗo cikin dare, za a kwashe yara da tsofaffi a shiga, a san cewa da yardar Allah zai kai safe a tsaye.

Ga yadda nake ganin ɗakin. A zaɓi wurin da ya fi tudu a cikin gida, nesa da masai da rijiya, don ramin masai in ya sha ruwa yakan burma ya ja bangon da ke kusa da shi. A haƙa tushe har a iske ƙasa mai tauri, a zuba dutse da siminti, a ɗaga daɓen ya fi titi da aƙalla rabin mita. Da titi za a auna, kar a auna da tsakar gida. A ɗaure ginin da ƙarfe da kankare a ƙasa, a sake ɗaure shi a sama daidai kan ƙofa, abin da maginanmu ke kira shenaj. Wannan ɗaurin shi ke sa bango huɗu su zama abu guda, ko ɗaya ya so tafiya sauran su riƙe shi. Sau nawa ana cire shi don a rage kuɗi, mai gida yana Turai bai sani ba!

Sai maganar bulo, kuma a nan ina roƙon ku saurara da kyau. Buhun siminti ɗaya in aka matsa masa ya fitar da bulo fiye da ƙima, abin da aka samu yashi ne mai launin siminti. Ku ce wa wanda ke tsaye kan aikinku ya ɗaga bulo ɗaya daidai ƙirjinsa ya sake shi a ƙasa mai tauri, ya ɗauko muku a bidiyo. In ya watse kamar ƙuli-ƙuli, kar a ɗora shi. Kuma a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har mako guda bayan an buga, don siminti da ruwa yake ƙarfi, ranar Maraɗi kuwa tana busar da shi tun bai kama ba.

Rufi ya zama marar nauyi. Rufin ƙasa a kan azara, in ya kwana uku yana shan ruwa, nauyinsa ya ƙaru ƙwarai, azarar kuma wataƙila gara ta riga ta cinye cikinta. A sa kwano, amma a ɗaure katakon da ƙarfe a jikin shenaj, kar a wadatu da jera duwatsu a sama, kun dai san abin da iskar farkon damina ke yi wa kwanon da ba a ɗaure ba. A bar bakin rufin ya fito sosai don ruwa ya zuba nesa da gindin bango.

Abu na gaba ya shafi wuta. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu, ƴan shekara biyar da shida. A watan Afrilu na shekarar an yi irinta a Yamai. Wanda ya ga iyayen yaran nan ba zai sake kallon zana da kara da ido ɗaya ba. Saboda haka ɗakin da nake faɗa ya kasance da mafita biyu. Mun saba walda ƙarfe a taga saboda ɓarayi, mu rufe kanmu ruf kamar kurkuku. A bar taga ɗaya wadda ƙarfenta ke buɗuwa daga ciki, kowa a gidan har yara ya san inda sakatar take. Kar a jingina rumfar kara a jikinsa, kar a tara harawa a kansa. Kwalbar gas da jarkar fetur da ake ajiyewa ƙarƙashin gado don sayarwa a bakin titi, su yi nesa da shi. Kaskon garwashi ma da ake shiga da shi a rufe ƙofa lokacin hunturu yana kashe mutum cikin barci ba tare da ko tabarma ta ƙone ba.

Wani abokin aikina ya nuna mini irin ɗakunan tsira da ake yi a Ostareliya. Can wutar daji ce babbar masifarsu. Ranar 7 ga Fabrairu 2009 ta kashe mutum 173 a jihar Biktoriya, da yawansu a cikin gidajensu. Bayan nan hukuma ta kafa ƙa'ida: ɗakin ya kasance ware da gida, ƙofarsa ta jure zafi, hayaƙi kar ya shiga, iskar ciki ta ishi mutane kamar awa ɗaya har wutar ta wuce. Yawanci a cikin ƙasa suke binne shi. Duk da haka abin da suke faɗa wa mutanensu shi ne, ku fita tun da wuri, ɗakin na wanda hanya ta yanke wa ne. Wannan nasihar mu ɗauke ta. Ramin kuwa mu bar musu, domin a Maraɗi ɗaki cikin ƙasa kabari ne ranar da ruwa ya zo. Mu sama za mu yi.

Wutar dajin ma muna da tamu. Ƴan uwanmu na Dakwaro da Bermo da wajen Gadabeji sun san ta. Shekarar da damina ta yi kyau ciyawa ta yi yawa, ita ce shekarar fargaba, daga Oktoba in ta bushe iska ta taso. A can abin da ke ceto shi ne fili da aka share tas kewaye da gari da rumbuna, da hanyoyin tare wuta da ake nomewa a daji. Wanda iyayensa ke ƙauye, kuɗin ƴan kwadago na kwana biyu bayan girbi ya isa a share kewayen rumbu.

Tsofaffinmu sun ba mu labari, kuma yana rubuce: asalin Maraɗi a kwarin Gulbi take. Ambaliyar 1945 ce ta cinye garin, aka hau tudu aka sake shata unguwanni. Yau ga mu muna gangarawa, muna sayen fili a bakin korama da fadama saboda ya fi araha, wani ma a waya ya saya bai taɓa taka wurin ba. Ruwa yana komawa hanyarsa ko bayan shekara talatin. Kafin ka biya, ka aika a tambayi dattijon da ya noma wurin ina ruwa ke bi. In hanyar ruwa ce, babu shenaj ɗin da zai cece ka.

Na san wani zai ce abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Haka ne, mun yi imani. Amma Malam yana zaune, shi ya karantar da mu cewa an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Shugaba, ga roƙona. Asusun ƙungiyar nan ya kai gawa gida, ya yi suna, ya yi biki, Allah ya saka. Ina neman a buɗe masa reshe ɗaya, kowane mamba euro 10 a wata, a riƙa gina ɗaki irin wannan ga zawarawa da tsofaffin da ba su da kowa a waje, liman da mai unguwa su nuna mana su. A yi aikin tsakanin Janairu da Afrilu, kar a bari sai hadari ya fara haɗowa. Zanen ɗakin ni zan yi shi kyauta, da awonsa da yawan ƙarfe da siminti, in kuma yi bayaninsa da murya da Hausa a WhatsApp saboda maginan da ba su karatu. Wanda yake da gini a hannu yanzu, ya tsaya bayan an tashi ya nuna mini hotunan tushen da na bulon, mu duba tare.

Takarda tana wurin ma'aji, wanda ya amince ya sa sunansa kafin a kawo abinci. Malam, a sa mu a addu'a, da waɗanda har yanzu ke kwana ƙarƙashin tanti a gida.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.