Murjanin Ostiraliya: an bar jaki ana dukan taiki

Masu sauraro, assalamu alaikum. In an ce murjani, yawancinmu tsakiya muke tunawa, jar nan da iyayenmu mata ke ratayawa a wuya. To, danginta ne ke cikin matsala a teku.

Murjani ba dutse ba ne, ƙananan halittu ne masu rai da ke gina wa kansu gida na farar ƙasa, wani bisa wani, har ya zama tsauni a ƙarƙashin ruwa. Mafi girmansa yana gaɓar jihar Queensland a Ostiraliya, wanda Turawa ke kira Great Barrier Reef, tsawonsa kimanin kilomita 2,300. A jikin murjanin akwai wata irin gansakuka da ke ciyar da shi, ita ce kuma ke ba shi launi. Ruwa ya ƙara zafi da digiri ɗaya kacal na 'yan makonni, sai murjani ya kore ta, ya koɗe fari fat, yunwa ta kama shi. In zafin ya daɗe, mutuwa ce.

Haka ta faru a 1998 da 2002, sai 2016 da 2017 a jere, sai 2020, 2022 da 2024. Ku dubi yadda tazarar ke raguwa, alhali farfaɗowarsa na cin shekara goma ko fiye. Majinyacin da bai gama warkewa ba zazzaɓi ya dawo, ina zai samu ƙarfi? Kuma ba maganar ado ba ce: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na halittun teku a gindin murjani suke samun abinci da mafaka.

Gwamnatin Ostiraliya, a gaskiya, tana kashe kuɗi. Tana tura masu nutso su kashe wata halittar ruwa mai ƙaya, mai siffar tauraro, da ke cinye murjani, tana kuma matsa wa manoman rake su rage takin da ke kwarara cikin teku. Madalla. Amma a wannan gaɓar dai ake lodin kwal, a tashoshin Hay Point da Abbot Point da Gladstone, jiragen su ratsa ta cikin yankin murjanin zuwa Asiya, a ƙona, teku ya ƙara ɗumi. Tun 2018 kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce in ɗumamar duniya ta kai digiri ɗaya da rabi, kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na murjani zai tafi.

A 2021 hukumar UNESCO ta ba da shawarar a sa wurin cikin wuraren tarihi da ke cikin haɗari. Me Ostiraliya ta yi? Ministar muhalli ta shiga zagayen ƙasashe neman goyon baya, aka kwashi jakadu aka kai su ninƙaya su ga kifi. Shawarar ba ta wuce ba. Wata takwas bayan nan, a Maris na 2022, murjanin ya sake koɗewa.