Wunin Makaranta ga Yaro Mai Buƙata ta Musamman

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye, sannunku da zuwa.

Mu fara daga ƙofar aji, domin a nan wunin yaron yake gyaruwa ko ya ɓaci. Ku ɗauki yaro mai galahanga, wato autism, lalurar da ke shafar mu'amalar yaro da mutane da yadda yake jin abubuwan da ke kewaye da shi. An kaɗa ƙararrawa, yara na rige-rigen shiga, ana jan kujeru a ƙasa ƙiii, ga doguwar fitilar nan tana ƙyaf-ƙyaf. Mu ko a jikinmu, shi kuwa duk sun auka masa lokaci guda. Sai ya toshe kunnuwa ya zube ƙasa, mu ce taurin kai ne. Wallahi ba taurin kai ba ne! Wata masaniya a Amurka, Jean Ayres, ta yi bayani tun shekarun 1960 da 1970 cewa ƙwaƙwalwa tana tace abin da ido da kunne da fata suka kawo mata, kuma a wajen wasu yaran tacewar ba ta tafiya daidai. Wani yaron, ƙara kaɗan ta ishe shi. Wani kuma motsi jikinsa ke nema, shi ya sa yake ta jujjuyawa. To me zai hana a bar shi ya shigo minti biyar kafin sauran, ya zauna a kujerar da ya saba?

Abin da ya fi tsorata irin wannan yaro shi ne rashin sanin abin da ke tafe. Shirin TEACCH na koyar da yara masu galahanga, wanda Eric Schopler ya jagoranta a Jami'ar Karolina ta Arewa a Amurka, jihar kuma ta rungume shi a 1972, ya ba jadawalin hotuna muhimmanci sosai. Kati ne ga kowane aiki, a jere daga sama zuwa ƙasa: gaisuwa, karatu, wasa, abinci, tashi. In an gama aiki, yaron da hannunsa zai cire katin ya jefa a ambulan. Ku lura da fuskarsa a lokacin, za ku ga hankalinsa ya kwanta. Wanda ba ya gani, a damƙa masa cokali ya san lokacin abinci ne, ƙwallo kuwa wasa. Mai matsalar ji a zaunar da shi gaba, kuma malam, don Allah kada ka juya wa aji baya kana rubutu a allo kana magana, bakinka yake karantawa.

Inda rikici ya fi tashi shi ne tsakanin aiki da aiki. Kada a fizge abu daga hannunsa a ce tashi. A sanar da shi saura minti biyar, a sake sanar da shi saura ɗaya. Ranar da malaminsa ba zai zo ba, a gaya masa tun da safe.

Ga wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya: a hana yaro fita hutu wai don ya kasa zama a aji. Yaron da motsi ne maganinsa, shi aka hana motsi! Haka lungun hutawa, mai ƙarancin haske da shiru, ba wurin horo ba ne. Ya je tun kafin abin ya kai masa iya wuya. Ai a taron ilimin yara masu buƙata ta musamman da aka yi a Salamanca ta Sifaniya, a 1994, gwamnatoci 92 sun amince cewa makaranta ce za ta daidaita kanta da buƙatun yaro.

Iyaye, wani yaron yakan danne damuwarsa wuni guda, sai ya dawo gida ya fashe da kuka, malam kuma ya ce ai lafiya lau ya wuni. Dukanku gaskiya kuka faɗa. A tanadi ƙaramin littafi a jakarsa: uwa ta rubuta ko ya yi barci, malam ya rubuta abin da ya tayar masa da hankali da kuma ƙarfe nawa.

To, mu tsaya nan, a kawo tambayoyi.