Jawabina a taron Sakkwatawa mazauna Ingila kan sigarin lantarki da ciwon suga

Assalamu alaikum warahmatullah. Mai girma shugaba, iyayenmu maza da mata, malamai, yayyena da ƙannena, Allah shi saka da alheri da kunka ba ni wanga lokaci, ba zan ja ku da nisa ba insha Allah.

Maganar sigarin lantarkin nan ce na zo da ita, bef ɗin da yanzu in ka laluba aljihun samarinmu a nan za ka same shi, har da 'yan mata, kuma wasu dattawan da sunka bar taba su ma shi sunka koma. Ana ce muna wai tururi ne kawai mai ƙanshin mangwaro ko kankana. To ni yau ba kan huhu zan tsaya ba, wannan kowa ya ji shi. Suga nake so mu duba, don ciwo ne da ya shiga gidajenmu da yawa, ba na jin akwai wanda ke zaune ɗakin nan da bai da ɗan'uwa mai zarya asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo ko Specialist can gida saboda shi.

Yawancin ruwan da ke cikin abin nan akwai nikotin, shi ne dai gubar da ke cikin taba mai kama mutum ya kasa bari. Dokar ƙasar nan ba ta yarda ya wuce miligiram 20 a kowane mililita ba, kuma da yawan waɗanda yara ke saye 20 ɗin ne cif. Da ka zuƙa cikin 'yan daƙiƙu ya kai ƙwaƙwalwa, sai jiki ya saki adirenalin, abin nan da ke sa zuciya bugawa da sauri in ka tsorata, shi kuma aikinsa ya sa hanta ta sako sugan da ta ajiye cikin jini don a samu ƙarfin gudu, alhali kai kana kwance kan kujera kana latsa waya, ba inda za ka. Bayan haka insulin da ke kwashe suga daga jini ya kai shi cikin tsoka, nikotin na sa jiki ya rage jin maganarsa, kamar yaron da anka cika yi ma tsawa har ta daina shiga kunnensa. Suga sai ya yi ta zama cikin jini.

Kuma ku lura da wani abu, mai shan taba sai ya fita waje cikin sanyin nan ya sha kara ɗaya ya dawo, amma bef a gado ake sha, a mota, a banɗaki, tun safe har dare ba ƙidaya.

A 2014 rahoton babban likitan gwamnatin Amurka ya ce masu shan taba sun fi marasa sha haɗarin kamuwa da suga nau'i na 2 da kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Shi na lantarkin sabon abu ne, sai a 2003 wani mai haɗa magunguna ɗan China, Hon Lik, ya ƙera irin na zamani, amma a 2022 masu bincike daga jami'ar Johns Hopkins sun duba bayanan mutum sama da 600,000 sunka ga masu shansa sun fi faɗawa matakin da ake gab da ciwon suga, har waɗanda ba su taɓa shan taba ba. Alaƙa sunka nuna, ba su ce shi kaɗai ne sanadi ba, amma mu wannan ya ishe mu, don ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta ƙasar nan, Diabetes UK, na cewa baƙar fata haɗarinmu na tashi tun daga shekara 25, su Turawa sai 40. Ga shinkafa da tuwo da lemun kwalba, ga aikin dare, ga rashin tafiyar ƙasa, sannan a ƙara nikotin a kai, haba jama'a.

Da azumi abin ya fi ba ni tsoro, mutum ya sha ruwa da dabino da kunu mai sukari, kafin ya tashi sallar magariba ya fara zuƙa don rama bashin yini.

Baba da ka bar taba ka koma bef, don Allah kar ka ji wanga jawabi ka koma taba, hukumar lafiya ta ƙasar nan, NHS, da kanta ta ce taba ta fi illa nesa ba kusa ba. Abin yi a riƙa rage ƙarfin nikotin ɗin sannu sannu har a rabu da shi, akwai masu taimakon barin taba kyauta, GP, wato likitan unguwarka, zai tura ka. Wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayar suga ta metformin kuma ya gaya ma likitansa lokacin da zai bari, suga na iya yin sama da ƙasa a farko, wani sai an gyara mai magani, ga cin abinci da ke ƙaruwa.

Gwajin da za ku nema sunansa HbA1c, yana nuna yadda suga ya kasance wata 2 zuwa 3 baya. In sakamakon ya nuna 42 zuwa 47 ana bakin ƙofar ciwon suga, 48 zuwa sama an shiga. In kana da jinin sikila ko AS ka faɗa musu tun farko, yana iya rikita sakamakon su canza maka wani gwajin.

Sai maganar tsaraba. Tun 1 ga Yuni 2025 anka hana sayar da bef na sha-ka-yar a nan Ingila, kuma dama haramun ne a sayar ma wanda bai kai 18 ba, a Najeriya ma dokar taba ta 2015 shekara 18 ta sa. To bai kamata mu da munka san wannan mu cika akwati da bef mu kai ma ƙannenmu a Mabera ko Gawon Nama wai kayan Turai ba, su da ko gwajin suga sai an biya kuɗi. In tsaraba za a yi a sayo ma Inna na'urar gwajin suga da tsinkenta.

Shugaba, ina roƙon a sa a ajandar taro mai zuwa mu zo da na'ura ko biyu, ma'aikatan jinyar da ke cikinmu su gwada duk mai so, mata su gwada mata. Wassalamu alaikum.