Amsoshin Tambayoyinku: Matsalar Cire Sauti Daga Bidiyo

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙu uku da ke gabanmu yau duk sun koka ne kan wahalar fitar da sauti daga cikin bidiyo.

Wani malamin makaranta daga Garwa ya ɗauki tafsiri da wayarsa, ya canja ƙarshen sunan fayil ɗin daga MP4 zuwa MP3, ya zuba wa mahaifinsa a katin memori, amma ƙaramin rediyon dattijon ya ƙi karantawa. Malam, canja suna ba ya canja abin da ke ciki, kamar yadda rubuta gero a jikin buhun masara ba ya mayar da ita gero. MP4 mazubi ne da ke riƙe da hoto daban, sauti daban, kuma sautin da wayoyi ke ɗauka galibi nau'in AAC ne, wanda da yawa daga cikin waɗannan ƙananan rediyoyi ba sa ganewa. Ka buɗe fayil ɗin a kwamfuta da manhajar VLC, wadda kyauta ce, ka shiga sashen juya fayil, ka zaɓi MP3. A kan kilobit 128 a daƙiƙa, minti ɗaya yana cin kusan megabait ɗaya. Ga magana zalla kuwa, 64 ma ta wadatar, kuma katin Baba zai ɗauki tafsiri ninki biyu.

Tambayar wata 'yar'uwa daga Marwa, mai harhaɗa bidiyon biki, ta fi sarƙaƙiya. Ta ce bayan ta ciro sautin ta gyara ta mayar, sai baki da murya su fara tare, amma kafin a kai ƙarshe sun rabu. Malama, wannan rabuwa a hankali alama ce ta cewa wayar ta ɗauki hoton da saurin da ke hawa da sauka, wato yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa yana canjawa, alhali manhajar gyara tana ɗauka cewa saurin ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Maganinsa shi ne ki fara bi da bidiyon ta manhajar juya bidiyo ta HandBrake, ki zaɓi tsayayyen sauri, misali hoto 30 a daƙiƙa, sannan ki ciro sautin. Idan kuma muryar ta yi kauri tana jan jiki, to ki duba ko manhajar ta karanta sautin da aka ɗauka a gutsure 48,000 a daƙiƙa a matsayin mai 44,100, domin wannan kuskure yana rage gudu ya kuma sauke murya. A ganinmu, duk mai wannan sana'a ya kamata ya saba da duba fayil da MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil, kafin ya taɓa shi.

Daga Njamena kuma wani ɗalibi ya ce laccar da ya ciro daga fayil ɗin MKV ta fito da Faransanci, alhali Larabci yake nema. Ɗan'uwa, MKV, wanda shi ma mazubi ne kamar MP4, yana iya ɗaukar layin sauti fiye da ɗaya, kuma manhaja takan zaɓi guda da kanta idan ba a gaya mata ba. Da FFmpeg, manhajar da ake rubuta wa umarni, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000, sai ka ƙara -map 0:a:1 a cikin umarnin domin ta ɗauko layi na biyu idan a nan Larabcin yake, tunda lissafinta daga sifili yake farawa.