Tsarabar Maigida daga Liyon

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Masu bibiyata kun saba ganina cikin sanyin Liyon ta ƙasar Faransa, na duƙunƙune cikin riguna kamar buhun gawayi. To yau ga ni a gida Damagaram, na zo hutun wata guda. Ƙarar baburan da kuke ji ta ƴan kabu-kabu ce, muna nan bayan Kasuwar Dole, a shagon maigidana, mutumin da ya fara damƙa mini filaya a hannu, ya koya mini aikin wutar lantarki. Ya ce kar in nuna fuskarsa, sai dai ku ji murya. Maigida, ku gaisa da mutane mana.

Kun ji shi, wai "a gaishe su," shi ke nan. Haka yake tun muna yara.

Kafin in buɗe jakar nan, ku dubi damtsena. Bari in matso da waya. Kun ga inda fatar ta yi sheƙi, gashi ba ya fita? Ina ɗan shekara goma sha tara na same shi, a wani injin niƙa cikin Garin Malam. Waya ce ta saki a cikin tabulo, wato akwatin da ake rarraba wuta, mai layi uku, bolt 380. Mai injin ya ce kar a kashe, ga mata sun jera ƙwarya suna jiran gero. Ni kuma lokacin ana jin tashe, na ce ai minti biyu ne. Na zura turnabis, sukundireba ke nan ga ƴan uwanmu na Kano, ƙarfensa tsirara tun daga baki har mariƙi. Hannuna ya ɗan goce, ƙarfen ya haɗa layi biyu. Abin da na iya tunawa farin haske ne da ƙara kamar an harba bindiga cikin ɗaki. Bakin turnabis ɗin ya narke. Rigar ƙwallo ce a jikina, irin mai santsin nan ta leda, ita ce ta narke ta manne mini a nan.

Ku lura, wutar ba ta ja ni ba ko kaɗan. Sai da na je Faransa aka zaunar da ni a aji kafin na gane cewa haɗarin iri biyu ne. Akwai jan wuta, wanda kowa ya sani. Akwai kuma wannan tartsatsin da ke tashi in layi biyu sun haɗu, wanda zafinsa kan kai kusan digiri 19,000, alhali fuskar rana kanta wajen 5,500 ce. Jan ƙarfe yana narkewa ya fantsamo wa mutum a fuska. Shi ya sa a can ba ka buɗe tabulo mai rai sai da kaske, wato hular kwano, mai gilashin da ya rufe fuska har haɓa, da riga mai dogon hannu wadda ba ta narkewa. In ba ka da ta musamman, ko ta auduga zalla ta fi rigar ƙwallo sau dubu. Zobe, agogo, sarƙa, duk a aljihu, ko ma a gida.

To ga tsarabar. Maigida, bismillah, ku karɓa.

Safar hannu ce ta roba, ta masu aikin kuran, wato wutar lantarki. Ku dubi bakinta, nan wajen wuyan hannu. Kun ga zanen nan mai kusurwa uku guda biyu, ɗaya ya shiga ɗaya? Shi ne shaidar cewa an yi ta don aikin wuta. Ga lambar ƙa'idarta, 60903, ga kuma ajinta. Wannan aji 0 ce, alamarta ja, tana ɗaukar har bolt 1,000. Akwai ƙanwarta aji 00 mai bolt 500, ita ma ta wadatar ga aikin gida da na injin niƙa. Daga nan sai aji 1 mai 7,500, a yi ta hawa har aji 4 mai 36,000, waɗannan na masu manyan layuka ne, irin ma'aikatan NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, ba ruwanmu da su. Safar da babu wannan rubutu a jikinta, ta birkila ce ko ta wanke-wanke. Ni a ganina gara hannu tsirara da ita, don mai hannu tsirara yana jin tsoro, mai safar bogi kuwa ya saki jiki.

Yanzu ku ga abin da ake yi kullum kafin a sa ta. Ka kama bakinta haka, ka naɗe shi sau biyu sau uku zuwa wajen yatsu, iska ta taru a ciki. Kun ga yatsun sun miƙe kamar hantsar akuya? Sai ka matsa, ka kawo ta kusa da kunci. In ka ji iska tana hura ka, ko da ƙofar ta kai bakin allura, ta tashi aiki. Ba a liƙe ta da salatif, ba a kai wa mai faci. A wurin aikinmu yanka ta ake yi da almakashi don kar wani ya tsinta, kuma duk wata shida ana karɓar na kowa a kai gwaji ko a ba shi sabuwa.

Kun ji abin da Maigida ya ce? Wai shekara talatin yana aiki da hannunsa, wuta ta san shi. Maigida, Allah ya ƙara nisan kwana, ba musu nake yi da ku ba, amma bari in faɗa wa yaran nan dalili. Tafin hannunku ya yi kanta, ya bushe kamar ƙirgi, kuma ban taɓa ganinku kuna aiki ba takalmi ba. Busasshiyar fata tana tare wuta sosai. Amma yaro ɗan koyo, a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, gumi yana ɗiga daga gwiwar hannu, ga shi tsaye da silifa kan sumunti mai laima, wannan jikinsa hanya ce buɗaɗɗiya. Kuma abin da ke kisa ba shi da yawa. Da miliyamfiya ake auna yawan wutar da ke ratsa jiki: wajen miliyamfiya 10 hannu yake ƙanƙamewa ka kasa saki. In ta kai 30 numfashi yana fara sarƙewa. Ko ƙwan fitila irin na da yana jan abin da ya ninka haka sau da yawa. Dalilin ke nan da a Faransa ake sa wa layukan gida makatsi na musamman mai miliyamfiya 30, wanda ke faɗuwa da ya ji wuta tana zurarewa.

Ya yi shiru. In Maigida ya yi shiru ya yarda ne, amma ba zai faɗa ba.

Wani abin da ke damuna shi ne ajiya. Na san halinmu: a cusa ta ƙarƙashin sirdin babur, kusa da man inji, babur ɗin kuma ya wuni a rana. Roba ba ta shiri da rana, ba ta shiri da mai. Jakarta ta zo da ita, a mayar da ita ciki, kar a ninke, a rataye a inuwa. Sannan ba a sa ta ita kaɗai. Ana ɗora mata ta fata a sama, wadda ta ɗan fi ta gajarta, don kar bakin waya ya huda robar. Fatar ba ta tare wuta, aikinta kawai ta kare robar. Na zo da guda ɗaya, kuma tun a jirgi nake tunanin dukawanmu. Garin da ya yi suna da aikin fata, a ce sai an sayo wannan daga Turai?

Wannan kuma, mai kama da alƙalami biyu da aka haɗa da igiya, shi Faransawa suke kira VAT, aikinsa ɗaya ne tak: ya gaya maka ko akwai wuta ko babu. Ka gwada shi a inda ka san akwai wuta, ka gwada layin da za ka taɓa, kowace waya, sannan ka koma ka sake gwada shi, don ka tabbata bai mutu a tsakani ba. Testa mai ɗan ƙwai a ciki, wadda ke aljihun kowannenmu, a can ba a yarda da ita ba sam. A hasken ranar Damagaram ma wa ke ganin ɗan jan nan nata?

Na daɗe a kan wannan saboda garin ya canja. Tun da Najeriya ta yanke wutar da take turowa a watan Agustan 2023, bayan juyin mulki, mutane suka rungumi gurup, wato janareta, da sola. An maido da wutar a 2024, amma kayan suna nan a gidaje, kuma da yawa an haɗa su ne yadda aka ga dama. Jiya ƙanena ya kai ni wani gida a Sabon Gari, an ɗauke wuta a unguwar gaba ɗaya, ya ce Yaya ai sai mu yi sauri kafin a kawo. Na ce tsaya tukuna. Na sa abin gwajin, sai ga shi yana kuka. Inbata ce, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, a ɗakin baya take turo wuta ta dawo cikin tabulo. Allunan sola kuwa ba su da makashi a jikinsu, muddin rana tana sama wayarsu da rai.

Saura ɗaya, mafi araha cikin jakar: kwado. A can ba ka da ikon taɓa wuta sai da takardar izini daga mai aikin da ya ɗauke ka, bayan horo, kuma abu na farko da ake cusa maka shi ne aiki da wuta a kunne sai in babu makawa. Ka kashe, ka kulle, makulli a aljihunka, ka gwada, sannan ka sa hannu. A nan ma ya fi amfani, gidan da yara goma ke kai da kawo, ga uwargida tana son kunna fanka. Kwado kam akwai shi a Dole, ba sai an jira ɗan Faransa ba.

Ku dube shi, ya sa safar yana murza yatsu. Me kuka ce, Maigida? Wai ba ya jin kan kusa. Haka ne, satin farko kamar an ɗaure maka hannu, ga gumi, shi ya sa ake sa ƴar siririya ta auduga daga ciki. Za ku saba. Ku ajiye ta cikin jakarta, ku ɗauko ta fatar mu tafi wajen dukawa kafin azahar, in ji nawa za su ɗinka mana guda goma. Kai yaro, riƙe mini wayar nan in tayar da babur.