Yau a lab: antibodin da muke neman inzayim ɗin kolestirol da shi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙugin da kuke ji a bayana, firiza ce, ba ta hutawa dare da rana. Toh ku dubi ɗan bututun nan da na saka cikin ƙanƙara, ruwan da ke ciki bai wuce 'yan ɗigo ba amma a kansa aikin yau ya rataya gaba ɗaya. Antibodi ne. Asalinsa furotin ne da garkuwar jiki ke ƙerawa ya je ya maƙale wa baƙon abu, sai masu bincike suka ga tunda yana da baiwar gane abu ɗaya tak cikin dubbai, ai sai a sa shi aiki. Wannan na hannuna daga jinin zomo aka tace shi, an yi wa zomon allurar wani yanki na furotin ɗin da muke nema, jikinsa ya ƙera sojojin. Akwai kuma monokulonal, wanda Köhler da Milstein suka fito da dabararsa a Kambirij ta Ingila a 1975, shi wuri ɗaya kacal yake kamawa a jikin furotin.

Wanda muke nema inzayim ne, wato furotin mai hanzarta haɗa sinadarai a jiki, sunansa HMG-CoA ridoktes, mu dai HMGCR muke cewa don baki ya huta. Mutane da yawa sun ɗauka kolestirol duk daga abinci yake zuwa, alhali mafi yawansa jiki ne ke haɗa abinsa, hanta ce kan gaba, kuma matakan haɗin sun haura 20 amma wannan inzayim ɗin shi ke riƙe da linzami, shi ke juya sinadarin HMG-CoA ya koma wani sinadarin mai suna mebalonet, in ya yi sanyi duk layin ya yi sanyi. Maganin sitatin da likitoci ke rubuta wa masu yawan kolestirol wannan inzayim ɗin yake toshewa. Akira Endo ne a Japan ya fara zaƙulo irin wannan sinadari daga fumfuna a shekarun 1970, sannan Amurka ta amince da lobastatin a 1987.

Gwajin da nake yi westan bulot ake ce masa. Na fasa sel na hanta irin waɗanda muke renonsu a faranti, HepG2, na ɗebi furotin ɗinsu na zuba a jel, lantarki ya jera su gwargwadon nauyi, sai a kwashe su zuwa kan wata 'yar farar takarda. Abu ɗaya, shi wannan furotin ba a tafasa shi yadda ake yi wa saura, saboda a cikin fatar ER, wani sashe na cikin sel, yake zaune, ya ratsa ta har sau 8, in ya ji zafi sosai sai ya dunƙule ya ƙi shiga jel, ɗumi kawai ake ba shi wajen digiri 37. Daga nan a jiƙa takardar cikin garin madara kashi 5 cikin 100, eh madara, don ta cike guraben da antibodi zai iya mannewa a banza. Amino asid, wato tubalan ginin furotin, 888 ne da HMGCR, don haka wajen kilodalton 97, ma'aunin nauyin furotin ke nan, muke sa ran ganin layinsa.

Toh a nan gizo ke saƙar. Ganin baƙin layi a wajen 97 bai isa ka tashi kana murna ba, furotin nawa ne ke da nauyi kusan haka? Kuma shi HMGCR ɗan kaɗan ne a sel in kolestirol ya wadata. Wallahi ni ban yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali ba sai na gwada da hannuna, ba wai kamfani ya yi ƙarya ba, a'a, antibodi yana iya yin kyau a wani gwaji ya zo wani ya kama abin da ba a aike shi ba, har kwalba biyu masu lamba ɗaya sukan bambanta in ba zubi ɗaya aka yi su ba, musamman irin na zomo.

Shi ya sa kuka ga rami uku na cika a jel ɗin. Na farko sel ne da ba a taɓa ba. Na biyu na hana su kitse na sa musu sitatin, kuma abin da zai ba ku mamaki layin ƙara kauri ya kamata ya yi, don in ka toshe inzayim ɗin sai sel ya ji kolestirol ya yi ƙasa ya hau ƙera ƙarin inzayim ɗin da yawa, irin wannan lissafin na sel ne Brown da Goldstein na Dalas suka yi shekaru suna warwarewa, suka ci Nobel a 1985. Na uku na zuba musu sitirol, wato dangin kolestirol, nan kuma sel da kansa zai farfasa inzayim ɗin cikin 'yan awoyi, layin ya dushe. In ya yi kauri a na biyu ya ɓace a na uku, to shi ne. In ya tsaya ƙyam a duka ukun, wani furotin daban antibodin ya rungume, sai a nemi wani.

Yanzu zan tsarma antibodin, ɗaya cikin 1000, in zuba kan takardar in kai ɗakin sanyi digiri 4 ta kwana tana jijjiga. Gobe in Allah ya kai mu sai wanki, sai antibodi na biyu da ke kama na farkon ya sa haske, sai hoto. Bari in ajiye wayar, safar hannu nake son canzawa.