Darasi: Yadda Ake Sake Haɗa Injin MGB Ya Ƙara Ƙarfi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Kai, matso da kyamarar nan su gani da kyau. Yauwa.

Wannan da ke kan teburi injin MGB ne, 'yar ƙaramar motar nan mai kujera biyu da aka riƙa ƙerawa a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980. Silinda huɗu gare shi, cc 1798, kuma a farkon fitowarsa yana ba da ƙarfin doki kusan 95. Mai motar ya ce yana son ƙarin ƙarfi, ya ma riga ya sayo ƙatuwar kafireta ta Weber tun kafin mu kwance noti ɗaya. Na ce masa ya ajiye ta tukuna. Inji fa numfashi yake yi: iya iskar da ya shaƙa ya fitar, iya ƙarfinsa ke nan. In maƙogwaro ya toshe, faɗin baki ba ya ƙara komai.

Kafin mu je can, ku duba lambar injinku. Na farko-farko, wato 18G da 18GA, metal uku ne, wato mazaunan da yake juyawa a kansu, ke riƙe da karanshaf ɗinsu, sandar da fistin ke juyawa. Daga ƙarshen 1964 aka koma metal biyar. Wannan namu mai biyar ne, shi na fi so in za a matsa wa inji, don karanshaf ɗin ba ya yawan lanƙwasa.

Mun kwance komai, mun wanke, mun bi ramukan mai da buroshi ɗaya bayan ɗaya. Kowane fistin da sandarsa mun sa musu lamba. Sai awo. Faɗin silinda na asali milimita 80.26 ne. Ku sa farce a nan sama, inda zoben fistin yake tsayawa. Kun ji ya maƙale? Silindar ta cinye ke nan, sabon zobe ba zai magance ta ba. Za mu kai a faɗaɗa ta da 0.060 na inci, mu sa manyan fistin, injin ya koma cc 1868. Akwai masu kaiwa har milimita 83.5 su samu kusan 1950. Yana yiwuwa, amma bangon silinda yana yin siriri, kuma ba kowane buloki ne ke ɗauka ba. Ni dai a motar hawa ba na zuwa can.

To, ga inda aikin yake, kan inji, wato murfin saman silinda mai ɗauke da bawul. Ɗaga min shi. Ku ƙirga ramukan da ke gefen nan. Biyar, ko? Silinda huɗu amma ramin shigar iska biyu kacal, na fitar hayaƙi uku. Ta ɗaya da ta biyu suna shaƙa ta rami guda, ta uku da ta huɗu su ma haka, sannan ta biyu da ta uku suna haɗa hayaƙinsu a ramin tsakiya. Shi ya sa tsakiyar nan ta fi ko'ina zafi, kuma a nan kan yake yawan tsagewa. Kada ku kashe lokacinku a kansa sai an gwada an tabbatar ba shi da tsaga. Na taɓa yin kwana uku ina gyaran ramukan wani kai, aka ɗaura, ruwa ya fara tsattsafowa ta gefen fulogi. Ranar ban yi wa kowa magana ba.

Kuskuren da yara ke yi shi ne su ɗauki injin guga su yi ta faɗaɗa bakin ramin har yana sheƙi kamar madubi. Babu ribar da ke nan. Matsin yana can ciki, daf da ƙasan bawul, inda iska ke karya kwana. Nan za a sassaƙe tudun da aka bari tun daga masana'anta, a sassauta kwanar, a yanka mazaunin bawul hawa uku. A cikin ɗakin ƙonewa kuma akwai wani ɗan tsini tsakanin bawul biyu, ga bango ya matse bawul ɗin shigar iska. A rage kaifin tsinin, a ɗan buɗe bangon. Ramin shiga a bar shi da ɗan kaushi, don in ya yi santsi sosai fetur yakan kwanta a jikinsa maimakon ya bi iska.

Wani abu kuma: an ƙera kan nan ne a zamanin fetur mai dalma, dalmar ce ke kare mazaunin bawul ɗin hayaƙi. Fetur na yanzu babu ita, bawul sai ya riƙa nutsewa cikin ƙarfen a hankali. Tunda kan yana ƙasa, a dasa masa mazauni masu tauri a wuce wurin.

Matsi. Wato sau nawa fistin ke matse iska da fetur kafin su kama wuta. Na asali 8.8 ne. Muna neman wajen 9.5. Ba da ka ake yi ba: a kife kan, a rufe ɗakin da farantin roba mai ɗan rami, a ɗura ruwa da sirinji a ga cc nawa ya ci, duka huɗun su zo daidai. Sannan a lissafa nawa za a kankare. In kuka zarce, za ku ji injin yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani duk sanda kuka taka mai a hawa, wannan ƙarar kuwa fistin take ci.

Me ka ce? Kamshaf na tsere? A'a. Tambayar tana da kyau, bari in amsa wa kowa. Fistin ɗin injin nan tafiyar milimita 88.9 yake yi, doguwar tafiya ce. A juyi 6,000 a minti yana gudun kusan mita 18 a daƙiƙa. Ba injin ihu ba ne, injin ja ne. Kamshaf shi ne sandar da ke buɗe bawul, digirinsa kuma tsawon lokacin da bawul ke zama a buɗe. Na tsere mai digiri 300 ba ya farkawa sai ya haura juyi 3,000, a tsaye kuma sai rawar jiki. Mu mai digiri 270 zuwa 280 za mu sa, da sababbin tafet, ƙarafan da kamshaf ke turawa su buɗe bawul, don tsohon tafet yana cinye sabon kamshaf cikin ɗan lokaci.

Wajen haɗawa, wannan koren zaren roba shi ne Plastigauge. A ɗora shi a wuyan karanshaf, a ɗaure metal da sifanan awo zuwa fam 70 (lb-ft, ma'aunin ƙarfin ɗauri), a kwance a auna yadda ya baje. Tazarar ta tsaya tsakanin 0.001 da 0.0027 na inci. Bakin zobe a cikin silinda, 0.012 zuwa 0.017. Notin kai kuma daga tsakiya ake farawa ana fita waje, fam 45 zuwa 50.

Kafireta fa? Tagwayen kafiretarsa na asali, ƙirar SU, sun isa. A gyara su, a canja allura zuwa mai ba da ɗan ƙarin fetur fiye da da, a sa matatar iska mai saki da bututun hayaƙi mai dogon reshen tsakiya. Da wannan haɗin muna sa ran doki 110 zuwa 120. Weber ɗin can ta jira ranar da kan zai iya shanye ta.

Ranar tayarwa, a cire fulogi a juya injin har agogon baƙin mai ya tashi. Baƙin man ya zama mai sinadarin zink, saboda irin wannan kamshaf. Da ya kama, kada a bar shi yana silo. A riƙe shi a juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20, ido a kan agogon zafi. Bayan kilomita 800 a juye man, a sake ɗaure kai, a sake saita tafet.

Sati mai zuwa buloki zai dawo daga wurin faɗaɗawa, sai mu zura fistin tare. Kashe kyamarar, miƙo min tsumman can.